Tocila Uku a Tabarmar Surukai

Tun da na dawo daga ƙasar Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a bencinmu na gindin mangwaro a unguwar Sarkin Dawaki, kafin mai shayi ya gama juya cokali wani ya ce, "Baba Yohanna, yaya ƙasar Faransa?" Haka mutanenmu suke kiran Kamaru. A coci ma ba a bar ni ba, ana tashi daga sujada sai a tare ni a bakin ƙofa. Bakina ya gaji, shi ya sa na ɗauki biro. Aji huɗu na yi a makarantar mishan, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Kuma bari in rage muku wahala tun daga farko: in kuna neman wawan labarin nan kada ku duba nesa, shi ne yake riƙe da biron.

Abin da ya fitar da ni daga Jalingo shi ne autana Ishaya, makanikin babur. Yaron nan ya wuce talatin bai ajiye mata ba. Uwarsa Saratu ta yi addu'a har gwiwoyinta suka yi kanta. Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Rahila, wata mai ɗinki da ke zaune wurin yayarta a Kona. Yarinya ta yarda, mu ma mun yarda, amma ta ce ba za ta sa farar riga ba sai ubanta ya ce to da bakinsa. Uban kuwa yana wani ƙauye bayan Dorofi, ƙetaren iyaka, kuma an ce an taɓa zuwa neman auren yarinyar ya shayar da mutane kunu ya raka su bakin hanya. Ishaya ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, in wannan ta kuɓuce mini, na haƙura da aure." Na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba.

Na sa aka tambayi Rahila abin da tsohon ya fi so a duniya. Ta ce ba ya shan taba, ba ya cin goro, amma tocilarsa ta lalace tun bara kuma kullum yana zancenta. Da na ji haka sai na ce wa Saratu ta fara neman masu girki, aure ya ɗauru.

Ku da kuka san ni kun san ba a banza ake ce mini Alƙalin Tocila ba. Na yi gadi a ma'ajiyar taki har kaina ya yi fari, maigadi kuwa in ba tocila ai makaho ne mai albashi. Duk wanda ya sayi sabuwa a unguwarmu sai ya kawo mini in yanke mata hukunci. Ina haska ta kan mangwaro in ga ko za ta nuna mini jemagen da ke reshen ƙarshe. Ina sa ta a aljihu in zaga layi in dawo, in ta karkata mini riga gefe guda to ta faɗi. Daga nan sai in sake ta ƙasa kamar bisa kuskure. A wannan gwajin ne na rasa abokai da yawa.

Na shiga babbar kasuwa na zaɓo guda biyu. Ta farko baƙa ce mai ƙyalli, kaurinta kamar rake, batirinta a ciki yake sai dai a yi mata caji. In ka danna sau ɗaya ta mai da duhu rana, in ka ƙara ta rage, in ka ƙara kuma ta kama walƙiya ja da shuɗi kamar motar gwamna. Na sa mata suna 'Yar Birni. Ta biyu siririya ce, ba ta fi ɗan yatsa ba, tana cin ƙaramin batir ɗaya irin na rimot, kuma ba a danna ta, murɗa kanta ake yi. Ita ce Allura. Ta uku ba sayo ta na yi ba, tawa ce ta aljihu tun ina gadi. Ta ƙarfe ce, batir biyu irin na rediyo, haskenta ja-ja kamar na fitilar ƙwai, gindinta ɗaure da robar tayar keke. Sunanta Dattijuwa. Ba don kyauta na ɗauke ta ba, ita ce mudun da zan auna sauran.

Saratu ta ce in ɗauki ɗaya in ba mutum in huta. Na bayyana mata cewa ba a yanke hukunci sai an ji shaidu, hanya ce za ta nuna wadda ta cancanci hannun suruki. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da daka.

Abokin tafiyata shi ne maƙwabcina Malam Buba, Bafillace, tsohon malamin dabbobi. Ya yi aiki a kan dutsen Mambila yana saurayi, ya san hanya, kuma a can in ba ka jin Fillanci kurma ne kai. Mun yi shekara da shekaru katanga ɗaya, yana cin shinkafata ta Kirsimeti ina cin namansa na layya, amma bai taɓa yarda cewa na fi shi hankali ba.

Muka kama mota da sassafe. Ba mu wuce Sunkani ba na riga na jera tocilolin a cinya ina yi wa fasinja bayani. Kusa da ni wani matashi ne ma'aikacin gwamnati, daga Kudu aka turo shi Serti, Hausarsa tana ɗingishi. Ya ɗaga wayarsa ya ce shi bai ga amfanin tocila ba a zamanin nan, waya yana da haske. Na tambaye shi in ya ji motsi a bayan ɗaki, ga maciji, zai kira maƙwabta ne da wayar ko zai haska? Ya ce zai gudu. Mota ta ɗauki dariya, Malam Buba ya ce yaron ya fi ni gaskiya.

A Bali muka ci sakwara da kifi. Ban ga laifin kifin ba, sai dai mai abincin ta zuba mini kai ta zuba wa Malam Buba tsakiya, wai ta ga ni ne mai surutu, kai ya fi dacewa da ni.

Shaida ta farko ta zo a gab da Serti. Mota ta yi tari ta tsaya, direba ya shige ƙarƙashinta ya ce duhu ya hana shi ganin inda mai ke zuba. Na miƙa masa 'Yar Birni da hannu biyu kamar mai ba da sandar girma. Yana dannawa haske ya bugi ƙarfe ya dawo masa ido, ya ce in karɓi abata kafin ya makance. Ya ce shi hannu biyu yake aiki da su, yana son wadda zai riƙe da haƙori. Na ba shi Allura. Ya cije ta ya yi aikinsa tsaf, ya dawo mini da ita da yawu da baƙin mai. Na goge ta da hular Malam Buba da ke kan kujera, na rubuta a raina cewa Allura ta ci zagayen farko.

Hawan dutsen Mambila kuwa ba zan iya ba ku labarinsa ba, don idona a rufe yake. Abin da na sani kunnena ya toshe, mota tana kwana kamar maciji, Malam Buba yana salati ina kiran Yesu, wata mata a baya tana kuka da yaren da ban sani ba. Direba ya ce mu ci gaba, ko wanne aka amsa shi ma ya tsira.

Muka sauka Gembu da yamma. Jama'a, mu mutanen Jalingo ba mu san sanyi ba, labarinsa muke ji. A nan mutum yana kwana a tsakar gida yana fifita da kwali, a can mai masauki ya ba ni bargo biyu ya ce in bai isa ba in yi magana. Ya kawo ruwan wanka a bokiti, na sa yatsa ɗaya na ce masa na yi wanka a gida. Aka kawo tuwon masara da miyar wani ganye da suke kira kumbi, ga piya an yanka a gefe kamar ba kuɗi ake saye ba. A wurinmu piya sai mara lafiya ko babban ma'aikaci, a can na ga akuya tana ci tana yatsina.

Ba wuta a masaukin ranar, don haka ban yi wa 'Yar Birni caji ba. Ban damu ba. Mai shagon da ya sayar mini ya rantse cewa caji ɗaya yana kai mutum Makka, na ce masa ni Urushalima nake so, ya ce ai hanya ɗaya ce.

Da asuba muka fito neman masu babur, sai na tarar gari ya ɓace. Gajimare ne ya sauko ya zauna a kan titi, ba ka ganin ƙafarka. Na ce yau 'Yar Birni za ta rama. Na danna ta, sai ga farin bango a gabana kamar an shanya zanen gado. Na ɗauko Allura, yatsuna sun ƙage da sanyi na kasa murɗa ta. Na ciro Dattijuwa na ɗan buga ta a tafin hannu, ta buɗe jan idonta, sai ga bakin kwata, ga dutse, ga hanya. Malam Buba ya ce ashe tsofaffi suna da rana. Na ce ai na daɗe ina faɗa masa, shi ne dai bai samu tasa ba.

Daga nan babur ne har iyaka. Akwai kogin da aka ɗora mu a kwalekwale, mu da baburan da buhunan masara da wani maraƙi da bai so tafiyar ba. Na zuba tocilolin a leda na ɗaure a wuya. Mai kwalekwale ya tambaya ko laya ce, na ce ta fi laya, aure ne a ciki.

Iyakar da nake ta jin tsoro ashe gora ce guda aka gicciya a hanya, da rumfa a wannan gefe da rumfa a wancan. Namu suka duba katinmu suka yi mana fatan alheri. A rumfar can wani jandarma dogo, ɗan sandan ƙasarsu, ya karɓi takardar wucewarmu yana magana da Malam Buba da Fillanci. Ni kuma don in nuna ladabi na rusuna, cikina ya danne aljihu, 'Yar Birni ta kama walƙiya ja da shuɗi ta cikin riga. Jandarma ya ja da baya. Ya sa aka fito da duk abin da ke jikina. Da ya ga tocila uku sai ya tambaya ko fatauci nake yi, Malam Buba ya ce a'a. Ya tambaya ko farauta, ya ce a'a. Ya ce to me tsoho ɗaya zai yi da tocila uku da rana tsaka? Ban san abin da Malam Buba ya amsa ba, na dai ga ya nuna kansa da yatsa ya juya, jandarma ya dube ni da tausayi. Sai ya kira abokan aikinsa, kowa ya karɓi 'Yar Birni ya danna, ya haska rumfa, ya haska cikin rijiya, ya haska idon ɗan'uwansa. Ni ina tsaye ina jin daɗi ana yaba kayana. Da za mu tafi suka ba mu burodinsu, dogo mai tauri kamar ƙotar fartanya. Na ci rabi, rabin na dogara da shi.

Muka isa ƙauyen rana ta take. Gidaje ne a warwatse cikin ayaba da itatuwan kofi. Uban Rahila, Baba Luka, ɗan gajeren tsoho ne mara yawan magana, irin mutanen da in kana zance suke kallon bakinka kamar suna ƙirga haƙora. Ba ya jin Hausa. Matarsa Mama Marta ta yi tallan ayaba a Gembu tana budurwa, ta iya Hausa irin ta kasuwa, wadda mace da namiji duk shi ne.

Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. A wurinmu ka kama hannun mutum ka tambayi gida da aiki da gajiya har hannu ya yi gumi. Su kuwa sai a ɗan sunkuya a tafa hannu a hankali, shi ke nan an gaisa. Ni na ɗauka yabo ne, na miƙe na ce na gode. Abinci ma ba a ci da baƙo, a kai muku ɗaki a ja ƙofa, wai kada kunya ta hana ku ƙoshi. Wannan al'ada kam na ce wa Malam Buba mu kai ta Jalingo.

Bayan mun ci aka kira mu babban ɗaki. Ko da rana duhu ne a ciki, don wuta ba ta mutuwa a murhu, kuma sama da kai rufi ne na gora inda suke jibge masara hayaƙi yana busar da ita. Dangi sun zauna a gefe guda, mu a gefe guda, a tsakiya aka shimfiɗa wata sabuwar tabarma da ba wanda ya taka. Malam Buba ya gabatar da mu, ya ɗora gishiri da manja da bargon da muka kawo a kan tabarmar. Aka tafa. Sai aka ce uban yaro ya faɗi halin ɗansa.

Nan fa na gyara zama. Na ce Ishaya injiniya ne, babur in ya gan shi gyaruwa yake da kansa. Na ce bai taɓa ɗaga murya ba tun haihuwa, ko a jariri da izini yake kuka. Ba ya shan komai sai ruwa, yana riga zakara tashi, fasto ma wurinsa yake neman shawara. Malam Buba yana juyawa da Fillanci yana taka mini ƙafa. Na lura fassararsa ta fi maganata gajarta, sai na riƙa ƙarawa don a cike gibin. Baba Luka ya ce za su kwana da maganar, da safe za mu ji.

Lokacin sallar Malam Buba ya yi, ya ɗauki buta ya fita. Kafin ya fita ya ce mini in zauna shiru har ya dawo. Na zauna shiru. Amma ga ɗaki mai duhu, ga jama'a, ga tocila uku a aljihu. Ko fasto ne sai ya faɗi.

Na ce a raina, a Jalingo in kana girmama mutum ba ka danƙa masa abu ka ce ga naka. Sai ka baje masa kaya ya zaɓa da kansa. Na matsa gaba na jera su a kan tabarma, 'Yar Birni, Allura, Dattijuwa. Na ce wa Mama Marta ta fassara. Na ɗaga 'Yar Birni ba tare da na raba ta da tabarmar sosai ba, na haska rufi, sai ga kowace ƙwayar masara, ga wani ɓera ya daskare yana kallonmu. Yara suka yi ihu. Na ce wannan ita ce sarauniya, ko a Abuja sai manya, haskenta yana kai wa gobe, wanda ya riƙe ta ya gama sayen batir har abada. Na nuna Allura na ce ba laifi, ta mai aikin hannu ce. Dattijuwa kuwa ban ce komai a kanta ba, don ba ta cikin takara.

Baba Luka ya dubi tocilolin, ya dube ni, a karo na farko ya yi murmushi. Ya tafa, dangi suka tafa. Sai wani ƙanensa ya taso ya fara naɗe tabarma da duk abin da ke kanta.

Na ce a tsaya, akwai kuskure. Na miƙa hannu zan ɗauke Dattijuwa. Wata tsohuwa ta rufe baki da zane. Yatsuna sun kusa taɓa robar gindinta ke nan sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Malam Buba ne, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya yi wa jama'a dariya ya faɗi wata magana da Fillanci, daga baya na ji wai cewa ya yi tsoho yana so ya yi sallama da abarsa. Ya ja ni waje bayan ayaba.

"Yohanna, ka san abin da ka kusa yi?" in ji shi. "Abin da ya hau tabarmar nan ya zama nasu. Wanda ya ɗauke ko tsinke daga kanta, cewa ya yi mun fasa neman 'yarku. Ba a ba da haƙuri, ba a dawowa."

Na ce ai ba a gaya mini ba. Ya ce an gaya mini in zauna shiru. Na ce Dattijuwa ta fi shekara ashirin a aljihuna, ta raka ni gadi, ta raka ni asibiti ranar da aka haifi jikata ta fari. Ya ce to in zaɓa, ko in koma Jalingo da tocila in gaya wa Ishaya da Saratu dalili, ko in koma da suruka. Na kama tunani. Ya ce tunanin me nake yi? Na ce ba a hanzarta alƙali.

Gaskiya ban ɗauke ta ba, kuma ko an sake ba ni dama ba zan ɗauka ba, na tuna fuskar yaron nan da ya durƙusa. Amma na kwanta ina lalube aljihu kamar mai taɓa gurbin haƙori. Kafin gari ya waye na samo dabara. An hana ni ɗauka, amma ba a hana mai gida ya mayar mini don kansa ba. Abin da ya rage shi ne in sa ya raina ta.

Da safe muka tarar da labari. Jikokin gidan sun yi wasa da 'Yar Birni da yamma, haskenta ya yi ja, ya yi ƙasa, ya mutu. Ƙauyen ba lantarki, mai caji sai ranar kasuwa a wani gari bayan tudu. Allura tana aiki, amma Baba Luka ya kai ta ɗan shagon ƙauye an ce ba a taɓa ganin batir ƙanƙane haka ba, sai ya ba matarsa ta adana. Da asuba kuma wata akuyarsu ta tsinke igiya ta shiga gonar kofi cikin hazo, da Dattijuwa aka nemo ta. Ga ta nan a hannunsa da aka sake tara mu a ɗaki, yana shafa ta kamar ɗan tsako.

Wannan zaman shi ne na ba da amsa. Malam Buba ya raɗa mini cewa tsohon bai gama yanke shawara ba, jiya an yi ta gardama a cikin gida, don haka in rufe baki in buɗe kunne. Na ce to. Baba Luka ya yi gyaran murya zai fara, sai ya ɗan buga Dattijuwa a tafin hannu kamar yadda nake yi. Zuciyata ta kasa.

Na ce Mama Marta ta gaya wa mai gida ina jin kunya. Na ce wannan abar da ke hannunsa ba ta dace da babban mutum ba. Tsohuwa ce, ta ci zamaninta ta ci na wasu. Sai an mare ta take aiki. Cin batir gare ta kamar gara, gindinta a fashe, in aka kwance robar nan hanjinta zubowa zai yi. Haskenta ko kaza ba ya tayarwa. Na ce in mutanen Jalingo suka ji na bar wa surukina irin wannan tarkace za su cire ni daga dattawan coci, gara ya ba ni ita in jefar a kogi a hanya, in aiko masa da sabuwa. Malam Buba ya daina taka mini ƙafa, ya koma kallon rufi kamar mai ƙirga masara.

Mama Marta ta juya wa mijinta maganar. Ya saurara har ƙarshe, ya sa Dattijuwa a aljihun rigarsa ya danne da hannu. Suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa da yarensu, tsohuwar nan ta jiya ta sa baki, wani ya yi dariya ya haɗiye. Na dubi Malam Buba, ya ce wannan ba Fillanci ba ne, shi ma baƙo ne. A lokacin ne na tuna abin da ya kawo ni.

Sai Mama Marta ta gyara ɗaurin zane ta fuskance ni, ba ta nemi tafinta ba.

"Baba Ishaya, yarinya mun ba ku, amma saura abu ɗaya," in ji ta. "Tocila da ka yaba jiya, bai kwana ba. Wanda ka zaga yau, shi ya nemo mana akuya. To tun jiya kana yabon ɗanka. Zage shi kaɗan mu ji, hankalinmu ya kwanta."